Tambayoyi da Amsoshi Kan Farin Ciki da Kwanciyar Hankali

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan tasowa idan aka zauna hira kan farin ciki, ko a majalisa, ko a aji, ko a tsakar gida. An ɗora amsoshin a kan binciken masana halayyar ɗan adam, sannan an duba yadda abin yake a tamu rayuwar. Wanda damuwa ta riga ta kwantar da shi, ya fara da tambayar da ta yi magana a kan zuwa asibiti, sauran za su jira.

Shin ana iya auna farin ciki, ko dai surutu ne kawai?

Ana aunawa, amma ba kamar yadda ake awon jini ba. Hanyar da aka fi bi ita ce a tambayi mutum da kansa, kuma tambayar iri biyu ce. Ta farko, a ce masa ya ɗauka rayuwa tsani ce mai matakala daga 0 zuwa 10, inda 10 ita ce rayuwa mafi kyau da zai iya samu, to shi yanzu a matakala ta nawa yake ganin kansa? Da wannan tambaya kamfanin Gallup yake zagaya ƙasashen duniya, kuma da amsoshinta ake haɗa Rahoton Farin Ciki na Duniya da aka fara fitarwa a 2012, wanda ƙasar Finland take kan gaba a cikinsa tun 2018. Ta biyu, a tambaye shi yadda ya wuni jiya: ya yi dariya? Ransa ya ɓaci? Ya kwana da fargaba?

Amsoshin nan biyu ba lallai su zo ɗaya ba. Macen da ta haifi tagwaye bayan shekaru tana nema za ta iya cewa rayuwarta tana matakala ta 9, alhali jiya ko barcin awa uku ba ta samu ba. Akwai kuma abu na uku da masana suke ƙarawa, wato mutum ya ji rayuwarsa tana da amfani, akwai dalilin da zai tashi da safe.

Bincike kan farin ciki ya samu ƙarfi ne daga 1998, lokacin da Martin Seligman ya zama shugaban ƙungiyar masana halayyar ɗan adam ta Amurka. Ya ce fannin nasu ya daɗe yana nazarin abin da ke lalata mutum, lokaci ya yi da za a nazarci abin da ke gyara shi.

An taɓa cewa 'yan Najeriya sun fi kowa farin ciki a duniya. Da gaske ne?

An faɗa. A 2003 mujallar New Scientist ta buga sakamakon wani bincike na ƙasa da ƙasa da ya haɗa ƙasashe fiye da 60, Najeriya ce ta zo ta ɗaya wajen yawan mutanen da suka ce suna cikin farin ciki sosai. Amma a rahoton da ake yi da tambayar tsani, a 'yan shekarun nan Najeriya da Nijar duka suna can wajen na ɗari.

Babu saɓani a tsakani, tambayar ce ta bambanta. Mutanenmu suna da raha, suna da jama'a, suna da addinin da suke jingina da shi, shi ya sa idan ka tambayi yadda mutum yake ji zai ba ka amsa mai daɗi. Idan kuwa ka ce ya auna rayuwarsa dungurungum, sai ya tuna da tsadar abinci, da rashin tsaro, da ɗansa da ya gama makaranta yana zaune. Sannan mu mutane ne da ba mu saba faɗin ciwonmu ba. Mutum yana kwance a gadon asibiti, ka gaishe shi ya ce da sauƙi. Wannan tarbiyya ce mai kyau, sai dai bai kamata shugabanni su fake da ita su ce talaka yana jin daɗi ba.

Kuɗi yana kawo farin ciki?

Yana kawowa, musamman ga wanda ba shi da su. Duk wanda ya ce maka kuɗi ba kome ba ne, ka duba da kyau, galibi ya riga ya ci ya ƙoshi.

A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton, waɗanda dukansu sun samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, sun nazarci amsoshin dubban ɗaruruwan Amurkawa. Suka ga jin daɗin yau da kullum yana ƙaruwa tare da samun mutum har zuwa kusan dala 75,000 a shekara, daga nan ya tsaya. A 2021 wani masani, Matthew Killingsworth, ya fito da nasa sakamakon da ya nuna ba ya tsayawa. Maimakon su yi ta jayayya, sai Kahneman da Killingsworth suka haɗu suka sake duba alƙaluman tare, suka fitar da matsaya a 2023: ga yawancin mutane jin daɗi yana ci gaba da ƙaruwa, amma akwai wani kaso na mutanen da suka fi kowa baƙin ciki, su kam idan samunsu ya kai wani mataki, ƙarin kuɗi ba ya rage musu kome. Wanda mutuwa ta girgiza, ko aurensa ya ƙi daɗi, ko ciwon damuwa ya kama shi, ƙarin albashi ba ya taɓa inda ke masa ciwo.

Waɗancan alƙaluma na Amurka ne, kada a juya su zuwa naira a ce ga farashin farin ciki. Binciken da ya fi kusa da mu shi ne wanda aka yi a kan manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya, aka buga a 2013. An yi wa manoman gwajin kaifin tunani sau biyu: kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe bashi ya yi yawa, da bayan girbi, lokacin da kuɗi ya shigo. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi yin ƙoƙari bayan girbi. Talauci yana cinye tunani. Duk wanda ya san halin da magidanci yake shiga a tsakiyar damina, rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, ya san wannan ba sai an kawo masa takarda ba. Haka kuma a Kenya, wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa gidajen talakawa da aka ba tallafin kuɗi kai tsaye, damuwarsu ta ragu, gamsuwarsu da rayuwa ta ƙaru.

Saboda haka neman halal da fita daga bashi suna cikin gyaran hankali. Abin da kuɗi ya fi iyawa shi ne kore fargaba: kuɗin magani, kuɗin haya, kuɗin makaranta. Bayan an kore waɗannan, naira dubu goma ta gaba ba ta yin aikin da ta farko ta yi.

Na daɗe ina neman wani abu, na samu, amma murnar ba ta daɗe ba. Rashin godiya ne?

Ba lallai ba. Haka aka halicci zuciya, tana sabawa. Ranar da ka sayi babur ba ka iya barci don murna, bayan wata shida ya zama abin hawa kawai, idonka ya koma kan mota. A 1978 wasu masana a Amurka, ƙarƙashin Philip Brickman, sun yi hira da mutum 22 da suka ci makudan kuɗi a caca, suka ga ba su fi maƙwabtansu farin ciki da wani abin a zo a gani ba, kuma ƙananan abubuwa irin su karin kumallo da hira sun rage yi musu daɗi. Binciken ƙarami ne, amma waɗanda suka biyo baya sun tabbatar da cewa sabo gaskiya ne.

Sabon nan rahama ne ta wani ɓangaren, don shi ne yake sa wanda aka yi wa rasuwa ya sake cin abinci har ya yi dariya wata rana. Sai dai ba kome ake sabawa da shi ba. Dogon bincike da aka yi a Jamus, inda ake bin mutane shekara da shekaru, ya nuna rashin aikin yi yana barin tabo, ko bayan mutum ya samu wani aikin ba lallai ya koma yadda yake ba. Ciwo mai naci da gidan da kullum ake faɗa su ma ba a cika sabawa da su ba. Irin waɗannan gyara suke so, ba a ce wa mutum zai saba ba.

Wasu kullum cikin fara'a suke, wasu kullum a murtuke. Gado ne?

Akwai gado a ciki. Binciken da David Lykken da Auke Tellegen suka yi a kan tagwaye a jihar Minnesota, wanda ya fito a 1996, ya nuna kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane wajen farin ciki yana da alaƙa da abin da suka gada. Wannan magana ce a kan jama'a gaba ɗaya, ba wai an ce rabin farin cikinka an rufe shi da kwaɗo ba. Akwai wani rabo da ya yaɗu, wai kashi 50 gado, kashi 10 yanayin rayuwa, kashi 40 aikin mutum. Masana da dama sun soki wannan rabo, kuma ba a kafa hujja da shi yanzu. Ga mutumin da yake sansanin gudun hijira, yanayin rayuwa ya wuce kashi 10 nesa ba kusa ba.

Amfanin sanin wannan shi ne ka daina zargin kanka idan ba ka da yawan fara'a kamar ɗan'uwanka, ka kuma daina zargin yaron da ya taso da shiru-shiru.

Idan za a zaɓi abu ɗaya da ya fi tasiri, mene ne?

Mutanen da ke kusa da kai, da yadda kuke zaune.

Jami'ar Harvard ta fara wani bincike a 1938 wanda har yau ba a rufe shi ba. An fara da ɗalibai maza 268, daga baya aka haɗa da samari 456 daga unguwannin talakawa na birnin Boston, jimilla 724. Aka bi su har tsufa: ana duba lafiyarsu, ana yi musu tambayoyi, ana hira da matansu, yanzu har an kai ga 'ya'yansu. A cikinsu wasu sun yi arziki, wasu sun tsiyace, giya ta kassara wasu, ɗaya daga cikinsu, John Kennedy, har shugaban ƙasa ya zama. Abin da ya fi fitowa fili, kamar yadda shugaban binciken na yanzu Robert Waldinger yake bayyanawa, shi ne ingancin dangantaka. Yadda mutum ya gamsu da zamansa da mutanensa yana ɗan shekara 50 ya fi nuna lafiyar da zai samu a shekara 80 fiye da awon kitsen jininsa.

Za a iya cewa ai waɗannan maza ne Turawa na wani zamani. Haka ne. Amma a 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta sun tattara bincike 148 da suka shafi mutum fiye da 300,000, suka ga masu ƙarfin dangantaka sun fi marasa ita yiwuwar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin ɗari a tsawon lokacin da aka bi su.

A nan muna da jari babba. Gaisuwar safe gida gida, dubiyar mara lafiya, zaman makoki, gayya a gona, adashen mata, hirar dare wurin mai shayi, abubuwa ne da wasu ƙasashe suke kashe kuɗi don su ƙirƙiro irinsu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma binciken nan bai ƙara kome a kan haka ba sai alƙaluma. Abin da ke damuna shi ne yadda muke sakin wannan jari a hankali. Gidajen birni sun koma katanga da ƙofar ƙarfe, ta'aziyya ta koma saƙon waya, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba.

Kuma a lura, yawan jama'a ba shi ne rashin kaɗaici ba. Amaryar da aka kai wani gari, tana cikin gidan mutum ashirin amma ba ta da wanda za ta faɗa wa cikinta, tana cikin kaɗaici. Haka ɗan ci-rani a Legas ko Agadas, haka tsohon da ake kawo wa abinci a kan lokaci amma ba mai zama ya saurare shi. Ma'aunin shi ne: idan abu ya same ka da tsakar dare, akwai wanda za ka kira ba tare da jin nauyi ba?

To ni 'yan'uwan ne ma suka fi ɗaga mini hankali. Yaya ke nan?

Wannan ma gaskiya ce da ba a son faɗa. Binciken Harvard ɗin kansa ya nuna zama cikin rigima yana cutar da lafiya, ba kowace dangantaka ce magani ba. A wurinmu nauyin yakan zo ta hanyar buƙatu: mutum ɗaya yana aiki, gida goma suna kallonsa. Ga anko, ga gudummawa, ga lefe da kayan ɗakin da ake ciwo bashi saboda kada a ji kunya.

Ba a ce ka yanke zumunta ba. Ka ware abin da za ka iya bayarwa a wata, ka bayar da zuciya ɗaya, idan ya ƙare ka faɗa da ladabi. Za a ji haushi na ɗan lokaci, amma ya fi ka ɗauki alkawarin da zai sa ka riƙa ɓuya idan waya ta yi ƙara. Sannan ka nemi mutum biyu ko uku a cikin dangi ko abokai waɗanda zama da su ba ya gajiyar da kai, ka ba su lokacinka da gangan.

Ina matsayin addini a wannan magana?

Babba ne. Bincike a ƙasashe da yawa ya nuna masu riƙo da addini sun fi bayyana gamsuwa da rayuwa, kuma bambancin ya fi fitowa a ƙasashen da rayuwa take da wuya. Wani bincike na 2010 a Amurka, na Chaeyoon Lim da Robert Putnam, ya nuna wani kaso mai yawa na wannan amfanin yana zuwa ne ta abokan da mutum ya yi a wurin ibada. Wanda yake zuwa jam'i ko coci, ana ganinsa, idan bai zo ba a tambaya.

Malaman Musulunci sun daɗe da rubutu a kan lafiyar zuciya. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rayu fiye da shekara dubu da suka wuce, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko asara, da wanda yake sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Hadisin da ya ce wadata ba yawan dukiya ba ce, wadatar zuci ce, da wanda ya ce ka dubi na ƙasa da kai kada ka dubi na sama da kai, sun yi daidai da abin da masana suka gano game da illar kwatanta kai da wasu.

An ce mini damuwata rashin tawakkali ce. Haka ne?

A'a, kuma wannan magana ta cutar da mutane da yawa. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Manzon Allah (SAW) ya rasa matarsa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, sunanta a tarihi shekarar baƙin ciki. Ba wanda zai ce waɗannan ba su da tawakkali. Mai ciwon sukari yana addu'a yana shan magani, ba a ce imaninsa ya yi rauni ba. Mai ciwon damuwa ma haka ya kamata a ɗauke shi.

Yaushe baƙin ciki yake zama ciwon da sai an je asibiti?

Idan ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum, kusan duk wuni, mutum yana cikin ƙunci ko ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba so, sannan ga wasu daga cikin waɗannan: barci ya ƙi zuwa ko ya yi yawa, cin abinci ya canza, kasala, kasa tattara hankali, jin cewa shi ba shi da amfani, ko tunanin gara ya mutu. A wurinmu sau da yawa ciwon yana fitowa ta jiki. Mutum zai ce kansa yana zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, wani abu yana yawo a jikinsa, a yi ta maganin zazzaɓi da taifod ba sauƙi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 280 ne suke fama da wannan ciwo. Masu jego suna cikin haɗari na musamman: a ƙasashe masu tasowa, kusan mace ɗaya cikin biyar tana samun matsalar damuwa bayan haihuwa. Mai jegon da take yawan kuka, ba ta son ɗaukar jaririnta, ba raki take yi ba.

Ana warkewa, ta hanyar zama da ƙwararre a tattauna, ko magani, ko duka biyun. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen wannan fanni. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su koma gida. A farkon 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi haƙƙin mara lafiya. Idan mutum ya fara maganar kashe kansa, ba a jira mako biyu. A kai shi asibiti ranar, a kawar da maganin ƙwari da duk wani abu mai haɗari daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai.

Ana cewa a riƙa rubuta abubuwan godiya. Yana aiki?

Yana ɗan taimakawa. A binciken Robert Emmons da Michael McCullough na 2003, an sa wasu su riƙa rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kai duk mako, wasu kuma su rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. Bayan mako goma, na farkon sun fi jin daɗin rayuwarsu. Tasirin matsakaici ne, ba ya maye gurbin magani.

Sirrin shi ne a ambaci abu takamaimai. Baki ya saba da godiya har takan fita ba tare da zuciya ta sani ba. Gwada ka ce: yau zazzaɓin yarinyata ya sauka, yau wane ya biya ni bashin da na cire rai. Ba dole sai da biro da takarda ba, ana iya yi bayan sallar isha ko a kan shimfiɗa. Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne ka je wurin mutumin da ya taɓa yi maka alheri, malaminka na firamare ko gwaggon da ta riƙe ka, ka faɗa masa abin da ya yi maka tun yana raye.

Kyauta fa? Ai mai bayarwa shi ke raguwa.

A 2008 Elizabeth Dunn da abokan aikinta a Kanada sun ba mutane dala 5 ko dala 20 da safe, aka ce wasu su kashe wa kansu, wasu su kashe wa wani. Da yamma waɗanda suka kashe wa wani sun fi jin daɗi, kuma yawan kuɗin bai kawo bambanci ba. Daga baya aka ga irin wannan alaƙa a ƙasashe da dama, har da Uganda. Sharaɗin shi ne bayarwar ta zama da son rai, kuma mutum ya ga inda ta yi amfani. Kyautar dole ba ta da wannan daɗin.

Me jiki yake da shi a wannan harka?

Fiye da yadda ake zato. Babban mutum yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya yana kallon waya, ya tashi asuba, ya wuni a kasuwa, ba abin mamaki ba ne ƙaramin abu ya tunzura shi. Idan dare bai isa ba, ƙailula tana rage giɓin. Shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari da daddare suna korar barci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, wato kamar tafiya da sauri ta rabin awa sau biyar. Bincike da yawa sun nuna motsa jiki yana rage damuwa mara tsanani. Manomi da mai tura baro sun riga sun wuce wannan adadi, su hutu suke buƙata. Maganar ta fi shafar ma'aikacin ofis, da mai zaman shago, da matan da ba sa fita. Mace za ta iya zagaya tsakar gida da sassafe, ko ta haɗu da maƙwabtanta su yi tare, ta samu motsa jiki da hira a lokaci guda.

Waya da kafofin sada zumunta suna rage farin ciki?

Ya danganta da yadda ake amfani da su. Kiran mahaifiyarka da take wani gari alheri ne. Kwashe awa uku kana kallon bikin mutanen da ba ka sani ba, kana auna kanka da su, wani abu ne daban. A 2018 an biya wasu Amurkawa don su rufe Facebook na mako huɗu, aka ga sun ɗan fi jin daɗi, sun kuma ƙara zama da iyali da abokai. A shekarar dai, a Jami'ar Pennsylvania, ɗaliban da aka taƙaita wa amfani da kafofin zuwa kusan minti 30 a rana sun samu raguwar kaɗaici da damuwa cikin mako uku.

Abin da ake ɗorawa a waya zaɓaɓɓe ne. Za ka ga akwatunan lefe, ba za ka ga bashin ba. A wurinmu akwai ƙarin matsala ta hotunan gawarwaki da bidiyon hare-hare da ake turawa a zaurukan WhatsApp. Sanin halin da ƙasa take ciki wajibi ne, amma kallon irin waɗannan kafin barci ba ya taimakon wanda aka kashe, kai kuma yana bar maka fargaba.

Abokaina suna cewa ƙwaya tana kore damuwa.

Tana ɗage ta na 'yan awoyi, ta dawo da ita ninki. Tramadol da kodin da sauransu suna sa ƙwaƙwalwa ta saba, har ya zama ba a sha don jin daɗi sai don kada a ji ciwo. Gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda ɓarnar da ya yi, har a cikin matan aure. Da yawa daga cikin masu sha, damuwa ce da ba a yi maganinta ba ta kai su. Shi ya sa duka da ɗaurin mari ba sa warkar da su. Asibitocin da aka ambata a sama suna karɓar masu son dainawa.

Ɗan'uwana ya shiga damuwa, ya daina fita. Me zan yi masa?

Ka je, ka zauna, ka saurara. Kada ka fara da wa'azi, kada ka ce wasu sun fi shi shiga matsala, ya riga ya sani kuma sanin bai sauƙaƙa masa ba. Tambaye shi tun yaushe abin ya fara, yana barci, yana cin abinci. Idan ya yi shiru, ka jure shirun.

Kada ka raina wannan zama. A Zimbabwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya ga likitoci ba za su taɓa isa ba, sai aka horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su zaɓi matsala ɗaya su nemi mafitarta. Sakamakon gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin nan sun samu sauƙi sosai fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba.

Bayan sauraro, ka taimaka da abu na zahiri. Ka ja shi ku taka zuwa masallaci ko bakin titi, ka kawo abinci ku ci tare, ka ɗauke masa wani aiki da ya gagare shi. Ka sa ranar da za ka dawo, kuma ka dawo. Idan alamomin da aka lissafa sun bayyana, ka ce za ka raka shi asibiti, ka nemo kuɗin mota, ku tafi tare. Idan an ba shi magani, a sani yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kuma ba a dainawa kwatsam sai da shawarar likita.